Shekarar da Na Ce Ummi Ta Faɗi Jarrabawa

Sadiku da Nafisa, wannan babin dominku na rubuta shi, ko da yake labarin yayarku Ummi ne. A Babbar Sallar da ta wuce muna zaune a falo ana cin tuwo da naman layya, ke Nafisa kika ture kwano saboda sakamakon wata jarrabawa bai yi miki daɗi ba. Sai kai Sadiku ka dafa kafaɗarta, da zuciya ɗaya, rabi Hausa rabi Turanci kamar yadda kuka saba, ka ce mata:

"Haba, ci abincinki. Yaya Ummi ma ai ta taɓa faɗuwa, har ba ta gama makaranta tare da 'yan ajinsu ba. Dubi inda take yanzu."

Ummi tana tsaye da ludayi tana zuba wa mijinta miya. Ba ta ɗago ba, ta gama zubawa ta koma kicin. Mahaifiyarku ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai. Ni kuwa gumi ya keto mini a cikin sanyin na'ura. Ashe maganar da na jefa a ƙofar masallaci shekaru da yawa da suka wuce ta girma a cikin gidana, ta zauna tana cin tuwo tare da mu, har ta zama abin da ake lallashin yara da shi. Ummi ba ta faɗi ba. Ni na ce ta faɗi. Ga yadda aka yi.

Sai na fara muku da wata kalmar Turanci, domin ita ta ɗaga ni a garin nan, kuma ta kanta halina ya fito fili. A unguwarmu ta Aboabo a Kumasi, abin da na sani da kiredit shi ne mai kanti ya ba ka sukari ka biya ƙarshen wata, kuma ba abin alfahari ba ne, a ɓoye ake yi. Daga baya da wayar hannu ta zo, sai 'yan gida suka riƙa kirana suna cewa in turo musu kiredit, wato katin waya. Amma ranar da na sauka garin nan na Greensboro a Amurka, Malam Awudu, dattijon da ya ba ni masauki, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da ni ya ce:

"Garba, a nan ba a tambayar kai ɗan wane ne. Kiredit ɗinka ake dubawa. Wata lamba ce da ke bin mutum duk inda ya je, tana faɗin ko yana biya a kan lokaci. In ta yi kyau, a ba ka gida, a ba ka mota. In ta lalace, ko ɗakin haya sai ka yi roƙo."

Karatuna bai yi nisa ba, makarantar allo ce sai 'yan shekaru na boko, amma wannan darasin na riƙe shi da hannu biyu. Na sami aiki a wani kamfanin kujeru ta wajen garin High Point, ina ja yadi ina ɗaure shi a jikin katako tun safe har yamma, kuma ban taɓa bari ranar biya ta wuce ni ba, ko da za mu kwana uku muna cin gari da yaji. Lambata ta hau. Baƙin da suka zo daga gida suka riƙa ɗaukata zuwa wuraren sayar da motoci a titin High Point, wanda yanzu kuke kira Gate City, in tsaya musu in yi magana. Samarin masallaci suka laƙaba mini Alhaji Kiredit. Nakan ɓata fuska in sun faɗa, amma Allah ya sani daɗi nake ji har cikin ƙashina. A hankali na yarda cewa babu ƙofar ofis a ƙasar nan da za ta rufu a gaban mutum irina.

Ummi ita ce 'yarmu ta fari, sunan mahaifiyata na sa mata. Shi ya sa ba ku taɓa jin na kira ta da sunanta na yanka ba, bakina ba ya iya ɗaukarsa. A shekararta ta ƙarshe a sakandare, rabin yini take yi a aji, rabi kuma a wani gidan kula da tsofaffi inda ake koya musu jinya da hannu. Jami'ar da ke kusa da unguwar Glenwood ta riga ta ba ta gurbin karatun nas, da tallafin kuɗin makaranta, da sharaɗin ta gama sakandare a watan Yuni. Wata rana a wurin cin abinci na ji tana lissafa kiredit da yatsunta, na yi dariya na ce ashe karatun ma a ƙasar nan kamar bashi ake ƙirga shi. Sai ta ajiye cokali ta yi mini bayani a hankali, cikin Hausarta mai ɗan nauyi:

"Baba, duk darasin da ka gama, ana ba ka kiredit ɗaya. Sai sun cika ake ba ka takardar gamawa. Na jinya kuwa ba a rama shi a gida. Dole a gan ka a wurin, kana juya mara lafiya, kana ba shi abinci. In ka rasa kwanakin, ka rasa shi ke nan."

Na rubuta wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri bayan raina ya ce tsohon bai gane tsarin ba. Na gane sarai. Har na ce mata ashe nata ya fi nawa tsanani.

A ƙarshen sanyin shekarar nan, ina tsakiyar aiki da safe, wayata ta yi ƙara. Yayana ne, Yaya Iliyasu, daga Kumasi. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce mahaifiyarmu Mma ta rasu bayan sallar asuba, za a kai ta bayan azahar. Bindigar buga ƙusa da nake aiki da ita ta faɗi daga hannuna. Jiya jiya muka yi magana da ita tana tambayata ko takwararta tana cin abinci. Na zauna a kan wata kujera da ba a gama ba, ina kallon masu aiki suna kai da kawowa, ban san ko da wane harshe zan gaya musu ba. Kafin in isa gida an riga an rufe ta. Ban ɗauki makara ba, ban zuba ƙasa ba, ina can ina ɗaure wa wani baƙo kujerar falo.

Kuɗin jirgi bai isa mu duka ba, ku kuna ƙanana, sai aka ce ni da Ummi mu je, tunda ita ce takwara. Ita da kanta ta je makaranta ta nemi izini. Aka ba ta mako biyu, aka gaya mata ranar Litinin ɗin da dole a gan ta a wurin aikin jinya. Ta zo ta gaya mini a gaban mahaifiyarku, na ce na ji, tikitin dawowarmu ma ranar Asabar ne.

Mun sami addu'ar bakwai. Da muka shiga gidan, tsofaffin matan da ke zaune a tsakar gida suka ga Ummi, sai kuka ya ɓarke sabo. Tsayinta, goshinta, yadda take riƙe haɓa in tana saurare, duk na Mma ne. Suka yafa mata mayafin marigayiya, suka zaunar da ita a kan tabarmarta, suna kiranta Hajiya ƙarama. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an kai shi ya gan ta. Yarinyar ta yi haƙuri da zafi da sauro da hayaniya, tana amsa gaisuwa yadda aka koya mata, in ta sami sarari ta buɗe littafinta a bayan ɗaki. Ni kuwa a waje nake cikin maza, ana ce mini boga, sunan da ake kiran wanda ya dawo daga Turai ko Amurka, ana ba ni kujera mai hannu. Da kwanakinmu suka kusa cika, na ce wa Yaya Iliyasu za mu fara haɗa kaya. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce:

"Garba, ba ka ga gawarta ba. Ba ka sallace ta ba. Yanzu kuma arba'in ɗin ma a waya za ka yi?"

"Yaya, yarinyar tana da makaranta."

"Makarantar za ta gudu ne? Mata sun riga sun fitar da yayin arba'in, an yanka wa takwara nata. Ita za ta raba sadaka da hannunta, haka aka tsara. Kana so a ce boga ya zo ya watsa daloli ya kama hanya, ko kabarin bai bushe ba?"

Yayi shi ne atamfa iri ɗaya da dangi ke ɗinkawa don taro, ku kun san shi. Kada ku zargi baffanku. Shi abin da ya sani ya faɗa, bai san mene ne kiredit na makaranta ba, ni na sani. Da na ce masa ni zan zauna, yarinyar ta koma, da an yi surutu kwana biyu an manta. Amma maganar nan ta a ce, a ce, ita ta shige ni. Washegari na hau trotro, motar haya, na tafi unguwar Adum wurin masu sayar da tikiti, na ɗaga tafiyarmu mu biyu zuwa bayan arba'in. Kuma ku ji abin da na yi kafin in shiga ofishin. Na kira shugabana a kamfani na roƙi ƙarin hutu, ya ba ni. Na kira mahaifiyarku, ban gaya mata komai ba, na dai tuna mata ranar biyan kuɗin mota da na katin banki, na nanata mata kada ta bari ko kwana ɗaya ya wuce. Na tsare aikina, na tsare lambata. Makarantar Ummi kuwa ko kiranta ban yi ba.

Sai da safen ranar da ya kamata mu tafi Accra mu hau jirgi na gaya mata. Ta riga ta rufe akwati, ta yi sallama da tsofaffi, tana zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa. Da farko ta ɗauka wasa nake. Da ta ga fuskata, sai jikinta ya yi sanyi, ta miƙe a hankali.

"Baba, ka ce Asabar."

"Na ce. Yanzu na ce bayan arba'in. Kakarki ce."

"Zan rasa kiredit ɗina. Na gaya maka. Baba, na gaya maka!"

"In mun koma zan je in gan su. Ni ba a taɓa hana ni abu a ƙasar nan ba."

"To ba ni fasfo ɗina. Zan iya tafiya ni kaɗai."

Fasfon yana aljihun rigata ta ciki, tare da nawa. Na dafe aljihun na ce ba a yi yarinyar da za ta ƙetare teku ita kaɗai ta bar ubanta a zaman makoki ba. Mahaifiyarku ta kira tana kuka tana cewa in ji tsoron Allah, na kashe wayar. Da rana mata suka ga idon Ummi ya kumbura, suka tambaye ni abin da ya same ta. A nan na yi abin da har yau in na tuna sai in rufe fuska ko ni kaɗai ne a ɗaki. Na fita bakin titi na sayo katin waya, na dawo na miƙa mata a gaban kowa, na ce:

"Wai kiredit take wa kuka. To ga shi na sayo mata, a huta."

Tsakar gidan ta ɗauki dariya, har da masu tafa hannu. Su ba su san komai ba. Ni na san abin da take wa kuka, na mai da shi abin dariya don kada a tambaye ni. Ummi ta karɓi katin da hannu biyu, kamar yadda aka koya mata karɓar abu daga babba, ta ce ta gode, ta shiga ɗaki.

Ranar arba'in an rufe layinmu da rumfuna. Malamai suka sauke Alƙur'ani, Ummi ta fito cikin yayi da mayafin Mma, tana bin layi layi tana raba masa da goro, tsofaffi suna shafa kanta suna sa mata albarka. Mai sanarwa ya kira sunana a lasifika, ya ce ga ɗa na gari, wanda ya bar dalar Amurka ya zauna wa uwarsa har arba'in, ya kuma kawo takwara. Jama'a suka yi kabbara. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. A daidai lokacin da 'yan ajin 'yata suke can suna cika kwanakinsu, ni ina zaune a kujera mai hannu ina gyara hula.

Da muka dawo, na sa babbar rigata mai aiki, na ɗauki takardar shaidar rasuwa, muka tafi makarantar ni da Ummi. Ko a mota ina gaya mata ta kwantar da hankalinta ta ga yadda ake magana da Turawa. Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta karɓe mu da mutunci, ta yi mini ta'aziyya, ta ba mu wurin zama. Sai ta buɗe baki ta kira Ummi da sunanta na yanka, sunan Mma, ta ce wance ba za ta gama bana ba. Jin sunan nan a cikin wannan magana ya sa kaina ya ɗaure. Turancin da nake taƙama da shi a wurin sayar da motoci ya watse gaba ɗaya, bakin matar yana motsi ban san me take cewa ba. Na juya na ce wa Ummi ta fassara mini. Ku duba wannan: yarinyar da na kashe wa shekara, ita na sa ta karanta mini hukuncinta da bakinta. Ta yi, tana kallon bango, murya ba hawa ba sauka.

"Ta ce Turanci da lissafi zan iya rama su lokacin hutun bazara. Ta ce na jinya ya wuce, 'yan ajin sun cika kwanakinsu sun yi jarrabawa. Ta ce kiredit ɗina ba zai cika kafin Yuni ba. Ta ce dole su sanar da jami'a."

Na zaro takardar rasuwa na ajiye a teburi. Matar ta ce ta yarda, ba ta taɓa shakka ba. Na ce nawa ne, zan biya, ko nawa ne. Na ji kaina ina gaya mata shekarun da na yi a garin nan ban taɓa makara da biyan komai ba, ta bincika ta gani. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi magana gajeriya. Na dubi Ummi.

"Ta ce ba maganar kuɗi ba ce, Baba. Ta ce sun yi ta kiran wayarka a makon nan na farko. Da ka ɗauka, da an san abin da za a yi."

Na tuna lambar Amurka da ta riƙa shigowa ina cikin mutane a Aboabo, ina dannawa ina mayarwa aljihu. Muka fito. Na zauna a mota na kasa sa makulli a raminsa. Ban taɓa tsammani ba, wallahi ban taɓa tsammani ba. Har cikin zuciyata na ɗauka akwai wani babba a sama da za a gani, a gaishe shi, a yi masa bayani, ya ce an yafe. Ummi tana gefena, ta ɗora hannuwa a kan cinya, tana kallon 'yan ajinsu suna fitowa suna dariya. Ban ce mata yi haƙuri ba. Kalma biyu ce, tana bakina, na haɗiye ta.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce kuskuren mai makoki ne. Amma Juma'ar da ta biyo, an idar da salla muna neman takalma, Malam Awudu ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce:

"Alhaji Kiredit, yaushe ne walimar Ummi? Mata sun dame mu da maganar yayi. Ko sai an ci bashi za a yi?"

Aka yi dariya. Duk idanu suna kaina, mutanen da na tsaya wa, waɗanda nake koya wa yadda ƙasar nan take. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, maganar ta fito sumul kamar da ma tana jira:

"Ai babu walima bana. Ta faɗi. Yaran ƙasar nan, waya ba ta barinsu su yi karatu."

Suka yi salati, suka riƙa ba ni haƙuri, wani ya ce ai na yi iyakar ƙoƙarina a kan yarinyar, kowa shaida ne. Na sunkuyar da kai ina karɓa, kamar yadda na karɓi ta'aziyyar Mma. Bayan 'yan kwanaki aka aiki Ummi shagon kayan abincinmu na gida da ke kan titin High Point ta sayo gari da manja. A can wata Hajiya ta tare ta tsakanin buhuna, ta yi mata nasiha mai tsawo a kan waya da tausayin iyaye. Ta dawo ta ajiye leda a kan teburi, ta tsaya a gabana ina kallon labarai.

"Baba, wai an ce na faɗi."

"Mutane da surutu. Rabu da su."

Ta ɗan tsaya, tana jira. Sai ta ce to, ta wuce. Daga ranar ba ta ƙara yi mini bayanin komai a kan karatunta ba. Tana gaishe ni safe da yamma, tana kawo mini ruwan alwala, amma an rufe wata ƙofa, kuma ni na san wanda ya rufe ta.

Sauran kun san wani abu daga ciki. Ta rama darussan a lokacin zafi, takardar gamawarta ta zo ta gidan waya, babu riga, babu hula, babu hoto. Tallafin jami'a ya koma hannun wata. Wadda ta ɗaga ta ita ce Anti Ladi, maƙwabciyarmu ta saman bene, mutuniyar Pankshin ta ƙasar Najeriya, wadda kuke jin waƙoƙin cocinta ta silin ranar Lahadi. Tana aiki a wani gidan tsofaffi can Summerfield, cikin gonakin dawakai inda bas ba ya zuwa. Ita ta samo wa Ummi aiki a wurin, ita take ɗaukarta a motarta kullum tana dawo da ita, ita ta sa ta sake shiga ajin jinya a ƙaramar kwaleji, tana biya da guminta kaɗan kaɗan. Karatun da za ta yi a miƙe sai da ta yi shi a zagaye, shekaru suka ƙaru, 'yan ajinsu suka riga ta fara aiki da nisa. Ni kuwa ina gefe, in an tambaye ni in ce ai yanzu ta yi hankali.

Ranar da ta gama karatun nas, akwai wata al'ada da suke yi, a kira ɗalibi a kan dandamali, wani nasa ya hau ya maƙala masa 'yar alama ta ƙarfe a ƙirji. Kowane ɗalibi shi ke zaɓen wanda zai hau, mai sanarwa ya karanta abin da ya rubuta a kansa. Kai Sadiku kana nan, amma wasa kake da waya. Na sa rigar nan dai mai aiki. Da aka zo kan Ummi, na ji mai sanarwa ta ambaci kalmar nan tawa, kiredit, wadda a irin wannan wuri take nufin yabon da ya dace da wanda ya yi aikin. Ban jira ƙarshen maganar ba. Na miƙe, na tattara hannun riga na ɗora a kafaɗa, na fito tsakiyar hanya. Sai na ji an ce Ladi. Na tsaya cak, mutane cike da zaure, ban san gaba zan yi ko baya ba. Na ji an taɓa gwiwar hannuna.

"Alhaji, a gafarce ni, zan wuce."

Na matsa na manne da kujeru, Anti Ladi ta wuce da ɗaurin kanta na zuwa coci, tana share hawaye. A mota na buɗe baki na fara faɗa, ina cewa an kunyata ni, ana da uba a raye a kira maƙwabciya. Mahaifiyarku, wadda ba ta taɓa katse mini magana ba tunda aka ɗaura mana aure, ta ce:

"Alhaji, tuƙa mota. In ka ƙara kalma ɗaya zan faɗi abin da ya faru a Kumasi a gaban yaran nan."

Na yi shiru. Amma shirun nan ban gyara komai da shi ba, na dai daina maganar ne, na bar ta tana yawo, har ta zo ta same ni a kan tuwon Sallah ta bakin ɗana.

Washegarin Sallar nan na tuƙa mota na je gidan Ummi da hantsi. Ta dawo daga aiki ke nan, ba ta ko cire kayan asibiti ba. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo shayi. Na ce ta zauna, na ce na zo neman gafara ne a kan fasfo da tikiti da katin waya, na lissafa mata su duka. Ta saurara, sannan ta ce:

"Baba, wannan na yafe tuntuni. Uwarka ce ta rasu, ba ka sami jana'iza ba, suka matsa maka. Da na girma na gane. Abin da ban gane ba har yau, me ya sa ka ce na faɗi?"

Na ce:

"Kunya na ji, uwata."

"Sai ka ba ni kunyar in riƙe maka."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Ta ƙara mini shayi ma. Na zauna ina kallon kofin, dattijo da furfura, na kasa ɗaga ido in dubi 'yar da na haifa. Na ce ta faɗi abin da take so in yi, ko mene ne.

"Ni ba sai ka gaya mini komai ba, ai ina wurin. Su za ka gaya wa."

Juma'ar da ta zo na tsaya a ƙofar masallaci, daidai wurin takalma, na ce jama'a su ɗan dakata. Na faɗi abin da ya faru. Sai na ga abin da ban yi zato ba: yawancin fuskokin sababbi ne, ba su san zancen ba, suna duba agogo za su koma aiki. Malam Awudu yana maƙabarta. Hajiyar da ta yi wa Ummi nasiha ta koma Ghana da abin da ta sani, wasu sun ƙaura jihohi daban daban, kowa ya tafi da labarin yadda na ba shi. Wani saurayi ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka watse. Waɗanda na yi wa ƙaryar ba zan ƙara tara su wuri ɗaya ba.

Ku kaɗai kuka rage mini, ku da 'ya'yan da za ku haifa. Saboda haka, Sadiku, in ka tashi lallashin wani, ka nemi wani misalin. Nafisa, in kin ji ana faɗa a ko'ina, ko bayan ba ni, ki tsayar da mai maganar. Yayarku ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ranar da aka yi jarrabawar tana Aboabo cikin mayafin kakarta tana raba masa, fasfonta kuma yana aljihuna.